Yadda Ake Tuɓe wa Mai Keke Hula da Iskar Mota

Kai direban hanyar Shagari zuwa Bodinga, kawo kunnenka. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari ba mai keken da zai ƙara jin kukan injinka bai fara salati ba. Gwanin da za mu yi koyi da shi Na'Allah ne, direban a-kori-kurar Alhaji Ɗantani mai kai albasa Sakkwato.

1. San matsayinka

Gwamnati ta zuba kwalta ne don mai taya huɗu. Mai keke baƙo ne, ya zo shan inuwa. Duk tazarar da ta fi faɗin tafin hannu tsakaninka da shi almubazzaranci ne, ga shi kuwa ana zamanin tsuke bakin aljihu.

2. Kada ka yi oda da wuri

Oda, wato hon, daga nesa gargaɗi ce, gargaɗi kuwa aikin liman ne. Lallaɓo kamar mage, sai madubinka ya zo daidai kunnensa, sannan ka danna. In hula ta tashi, ka ci. In ya bi ta zuwa cikin kwari, ka zama malami.

Haka Na'Allah ya yi wa wani dattijo, Arzika, kusa da Lambara. Hula ta yi gabas, keke ya yi yamma, dattijo ya dira kan hannunsa na dama.

3. In an kai ƙara, tsaya kan iska

Arzika ya riƙe lambar mota, ya kai maganar caji ofis.

"Mota ta taɓa ka?" in ji kofur.

"A'a, ranka shi daɗe. Iskatta ta ta kada ni."

"To Baba, wa za mu kama? Iska ba ta da lasisi."

Kofur ya bincika littafinsa kaf, bai ga inda aka ce a bar wa keke taku kaza ba. Na'Allah ya fito yana gyara hula. Bai ko tambayi sana'ar dattijon ba, kai ma kada ka tambaya.

4. Kada ka damu da taya

Gaskiya ne sabuwar taya ta ɓace a kasuwa tun bayan zaɓe, ta Na'Allah kuwa faci ya fi roba yawa. Gaskiya ne kuma Alhaji ya ce ranar da albasa ta sake kwana a hanya, a ajiye masa makullinsa. Na'Allah na tsoron maganar nan ƙwarai, don gidansa da motar nan yake ci. Amma gwani ba ya rage gudu saboda tsoro.

Bayan mako biyu, da rana tsaka, tayar baya ta yi bindiga a bakin Lambara. Safaya kuwa tun bara Alhaji ya sayar.

5. In ka gamu da shi, yi kamar ba kai ba

Aka nuna masa rumfar mai faci, ita kaɗai ce kafin Bodinga. Ya mirgino taya yana haki, ya yi sallama. Mai rumfa ya ɗago kai. Arzika ne, hannun dama ɗaure da karan ɗori.

"Baba, barka da hutawa. Ashe nan kake?"

"Nan nike, ɗana. Hutun dole na."

"Taimako za ka yi min, albasa na cikin rana."

Arzika ya dubi tayar cikin tausayi na gaske. "Wallahi da na yi ma. Hannun da nika ɓalle taya da shi na wanga. Mai ɗori ya ce sai bayan Salla."

"Haba Baba, ai ban taɓa ka ba!"

"Ni ma ban ce kai na ba. Iska ta."

6. Karɓi aron keke da godiya

Dattijo ba mai riƙo ba ne. Ya sa Na'Allah ya zare tif ɗin cikin tayar da kansa, ya ba shi aron keken nan mai karkatacciyar ƙafa, ya ce ya gaida masu facin Bodinga. Na'Allah ya rataya tif a wuya, ya hau yana tangaɗi. Sai a ranar ya gane gefen kwalta duk rami ne, kuma mai keke ba shi da ido a ƙeya.

Bai yi nisa ba wata tirela ta lallaɓo, sai da ta zo daidai kunnensa ta saki oda. Hula ta yi gabas. Daga cikin kwari aka ji muryarsa: "Wai ba doka ƙasag ga? Ba ku ganin mutum?"

Albasa ta kwana, makulli ya koma hannun Alhaji. Yanzu Na'Allah da keke yake kai kayan miya Dingyadi, kuma duk kofur ɗin da ya gani sai ya tsayar da shi ya tambaya yaushe za a sa tazarar keke a littafi.

Hattara

Duk wanda ya bi wannan darasi ya rasa taya, makulli ko haƙori, kada ya doso ƙofata. Ni ban taɓa kowa ba, magana kawai na yi ta wuce kusa da kunnenka.