Cindo Mai Gadin Bakin Babansa

A ƙauyen Kwarin Rake, can ta yankin Maƙarfi, akwai wani dattijo mai suna Nomau, wanda sana'arsa dafa mazarƙwaila. Matarsa Inna Tabawa, 'ya'yansa maza biyu. Ƙaramin, Sallau, ɗan gayu ne mai bakin tsiya. Babban shi ne Cindo, ƙato mai faɗin kafaɗa, wanda ke tura rake a injin matsa yayin da doki ke zagayawa. Mutanen gari suna ce masa dolo, don duk abin da aka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Amma a duk garin ba wanda aka fi son aike kamarsa. Mu masu wayo in an aike mu sai mun tace saƙon, mun zubar da rabinsa a hanya. Cindo kuwa yadda ka ba shi haka zai kai.

Shi Baba Nomau harshensa ne jarinsa. In ruwan rake ya yi kauri a kasko, shi ke lakata ya kai baki ya ce a sauke ko a ƙara wuta. Daga ɗanɗano abin ya zama ci. Ya karya da mazarƙwaila, ya sha fura da ita, shayinsa kuwa sai ya yi danƙo. Wansa, Baffa Gagare, haka ya yi ta yi har ciwon suga ya kama shi, aka yanke masa ƙafa, bai daɗe ba ya rasu. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Baba Nomau ya ji tsoron kam, har ba ya son a ambaci ƙafar nan a gabansa, sai dai tsoron bai hana hannunsa zuwa kasko ba.

Wata rana kiyashi suka addabi Inna Tabawa a madafa. Ta ce, "Cindo, bi kiyashin nan ka gano mini inda suke zuwa, ka zo ka faɗa." Cindo ya durƙusa ya bi layinsu da rarrafe. Suka wuce buhun sukari, ya wuce. Suka bi ta gindin rumbu, ya bi. Suka zagaya bayan makewayi, inda tsohon yake yawan tsugunawa kwanakin nan, can ya tarar da su sun yi dandazo. Da ya dawo bai sami Inna ba, ta leƙa zaure kai wa Baba da abokansa ruwa, sai ya bi ta can. Ya tsaya a tsakiyar dattawa ya ce, "Inna, na gano. Sun bar sukari sun koma wajen fitsarin Baba. Nasa ya fi zaƙi." Baba Nomau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wani abokinsa ya yi gyaran murya ya ce, "Nomau, da haka na Gagare ya fara." Tsohon ya daɗe yana ɓoye ƙishirwar da ba ta yankewa da yawan fitsari da duhu-duhun da yake gani, to yanzu gari ya ji, ba sauran abin ɓoyewa. Washegari suka nufi asibiti.

A hanya Baba Nomau ya ce, "Ka san kunnena ya yi nauyi. In likita ya yi tambaya, ka taya ni amsawa." Cindo ya ce to. Likita ya tambaya, "Baba, kana shan zaƙi da yawa?" Tsohon ya ce, "Ɗan kaɗan dai, don gusar da yawu." Cindo ya ce, "Ba ya sa cokali in zai haɗa shayi, likita. Gwangwanin sukarin yake karkatawa." Likita ya ce, "Ban da shayi fa?" Baba ya ce, "Shi ke nan." Cindo ya ce, "Da mazarƙwailar da ke aljihun dama, da wadda ke ƙarƙashin matashi. Ta cikin hular ma ba a faɗa ba." Likita ya ce a cire hular. Sai ga curin mazarƙwaila ya gangaro kan tebur. Aka gwada jini, aka ce ciwon suga ne, kuma ya hau sosai. Likita ya yi wa tsohon bayanin yadda ciwon yake cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a hankali, ba tare da mutum ya ankara ba. Sannan ya dubi uban, ya dubi ɗan, ya gane wanda za a ba amana. Ya ce, "Kai, daga yau duk abin zaƙi kada ka bari ya shiga bakinsa." Baba Nomau bai yi wa Cindo magana ba har suka iso gida.

Wata rana masu dubiya suka fara zuwa. Mutanenmu kuwa ba sa zuwa gaida mara lafiya hannu rabbana, kuma abin da suka ɗauka na girmamawa shi ne zaƙi. Wannan ta zo da alkaki, wancan da lemon kwalba, wani da daurin rake. Mara lafiya kuma dole ya taɓa, don kara. Cindo ya tare ƙofa zai kora su da kayansu, Inna Tabawa ta ja shi gefe. Ta ce, "Kai, ba a mayar da hannun kyauta baya. Abin da baƙo ya kawo ba ya komawa da shi, kuma ba a zubar da abinci." Cindo ya tsaya yana lissafi a ransa. Ba za a mayar ba, ba za a zubar ba, ba zai shiga bakin Baba ba. Da Hajiya Kilishi, ƙanwar mai unguwa, ta iso da kwano cike da nakiya, sai ya shimfiɗa mata tabarma a zaure, ya buɗe kwanon ya ajiye a gabanta.

"Bismillah, Hajiya."

"A'a, ɗan nan, na babanka ne."

"Ba ya ci. Ba a mayarwa. Ba a zubarwa. Saura ke."

Ya zauna a bakin ƙofa ya naɗe ƙafa. Hajiya ta yi dariya, ta yi faɗa, ta yi roƙo, Cindo ko gezau. Haka ta ci nakiyar nan har ta gundure ta, tana ci tana neman ruwa. Mai lemo ya shanye lemonsa yana gyatsa, mai rake ya zauna ya shanye rakensa har muƙamuƙi ya gaji. Aka yi ta tsine wa Cindo a gari, ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma kafin mako ya zagayo masu dubiya sun koyi zuwa da zogale da ƙwai da kuɓewa ɗanya. Abin da likita zai shekara yana wa'azi a kai, dolo ya gama shi daga zaune.

Wata rana Baba Nomau ya ji ƙarfi, ya koma wajen dahuwa. Inna Tabawa ta hango shi daga nesa yana lakatar kasko a sace. Ta dawo gida ranta a ɓace, ta ce, "Wannan uban naku, in ba takunkumi aka sa masa ba, ba zai bari ba." Takunkumi kuwa akwai shi, wanda ake sa wa dokin inji don kada ya ci raken da ake matsa. Cindo ya je ya kwance shi daga bakin doki, ya wanke shi tas da toka, don ba ya son ƙazanta ta taɓa babansa. Ya zo gaban ma'aikata ya durƙusa da ladabi ya ce, "Baba, sunkuyo." Tsohon ya ɗaga muciya zai maka masa. Ma'aikata suka riƙe shi, suna dariya har da hawaye, doki kuma ya sami sake ya hau cin rake. Baba Nomau ya jefar da muciyar ya koma gindin mangwaro ya zauna. Da dariya ta lafa sai aka ga ransa ne ya ɓaci da gaske. Ya ce, "Tun ina yaro da harshen nan nake gane kasko. In an hana ni ɗanɗana, me ya rage mini a nan?" Cindo ya ji tausayinsa ƙwarai, amma bai ajiye takunkumin ba. Kullum sai ya rataya shi a kafaɗa ya tsaya kusa da kasko. Dole tsohon ya koyi ɗiga ruwan a tsakanin yatsu biyu, ya ja ya ga yadda zarensa ke tsinkewa. Mazarƙwailar ba ta canja ba, kuma a hankali duhun idonsa ya ragu.

Wata rana suka koma asibiti a sake gwaji. Likita ya yaba, amma da ya tsikari tafin ƙafar tsohon da tsinke, Baba Nomau bai ji komai ba. Likita ya ce wa Cindo, "Ƙafarsa ta daina kawo masa labari. Duk lokacin da ya yi tafiya ya zauna, ka duba tafin da tsakanin yatsu, kada ka jira." Baba Nomau ya tuna ƙafar Gagare, ya san abin da ake gudu.

Ana nan sai maganar auren Sallau ta taso. Ya ga yarinya a wani ƙauye da ke hayin fadama, aka sa ranar da manya za su je neman aure. Sallau ya roƙi a bar Cindo a gida. Inna ta ce ba mai raba shi da uban. Hanyar ba ta babur ba ce, sai a ƙasa, ta cikin gonakin rake da ƙaya. Da suka kusa, Baba Nomau ya tsaya ya kama kunnen Cindo. Ya ce, "Gidan surukai za mu. Kada in ji bakinka, ko tari. Ka ji?" Cindo ya gyaɗa kai, don tun daga nan ya fara.

Aka tarbe su a zaure, aka cire takalma, aka zauna. Ga waliyyin yarinya, Malam Ɗanbaba, dattijo mai kwarjini wanda aka san shi da tsantseni, ga liman, ga 'yan uwa. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Baba Nomau ya gyara babbar riga ya fara, "To, Malam, abin da ya kawo mu, ɗanku ne ya ga..." Bai ƙarasa ba ya ji an cafke masa idon sawu. Cindo ne ya rarrafo ta tsakiyar jama'a. Baba ya yi tafiya, Baba ya zauna, kuma an ce kada a jira. Ya ɗaga ƙafar sama har tsohon ya kusa kifewa ta baya, hula ta faɗi. Baba Nomau ya yi ta fizga yana cewa a hankali, "Sake ni, don ubanka." Cindo bai ce uffan ba, an hana shi. Kawun Sallau, wanda ya rako su, ya rufe fuska da hannun riga, a ransa ya riga ya yafe auren.

Cindo ya juya tafin ƙafar wajen haske, ya sa farce ya zaro wani abu, ya ɗaga shi sama. Ƙayar bagaruwa ce, doguwa, jina-jina. Ta huda takalmin ta shige nama, tsohon ya yi ta taka ta tun daga fadama bai sani ba. Sai a lokacin aka lura da ɗigon jini a kan tabarma, tun daga bakin ƙofa. Baba Nomau ya dubi ƙayar, ya dubi ramin da ta bari a ƙafarsa, inda ko ƙaiƙayi bai ji ba. Da a ce ba a gani ba, da haka zai mayar da takalmi ya taka ta zuwa gida, ta kwana a ciki, ta wuni, har sai wari ya ba da labari.

Malam Ɗanbaba ya sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri da tsumma mai tsabta, ya ce gobe da wuri a kai shi asibiti. Ya zauna yana kallon yadda ƙaton nan yake wanke ƙafar tsoho a hankali, yana bin tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Baba Nomau ya fara ba da haƙuri, "Malam, a yafe mana, yaron nan ba shi da..." Malam Ɗanbaba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Na yi niyyar in ce ku ba mu lokaci mu yi bincike. Na fasa. Gidan da ake riƙe tsoho haka, ba za a wulaƙanta mana 'ya ba. Mun ba ku."

Liman ya ɗaga hannu za a yi fatiha, amma Cindo bai koma wurinsa ba. Yana nan durƙushe, bakinsa a rufe, ya ƙura wa babansa ido. Baba Nomau ya dube shi, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya ce, "Liman, a ɗan dakata mana." Sannan a gaban surukai da kowa da kowa ya janye babbar rigarsa, ya miƙa wa Cindo ɗaya ƙafar.