Mai Baƙin Gilashi da Takardar Likita

Kafin in fara, ina neman afuwar mai karatu game da rubutuna. Sai da furfura ta fito mini na koyi riƙon alƙalami, har yanzu kuma hannuna yana rawa. Duk inda aka ga kuskure, ina roƙo a gyara mini, kada a ɗora wa labarin laifi.

Wani mutum ne ya sayi mota. Tun daga ranar bai ƙara fita shi kaɗai ba. In ya tsallake ƙanin matarsa a bakin titi, to gwaggonta tana kan kwana da buhu tana jira, kowa yana so a rage masa hanya. Da abin ya ishe shi, sai ya tafi wurin mai manna baƙar leda a gilashi.

"Ninki nawa za a sa, maigida?" in ji mai leda.

"Yi ta sawa har sai surukaina sun daina gane ni."

Aka yi ta mannawa, har gilashin gaba. Surukai suka daina ganinsa. Shi ma ya daina ganin hanya. Saboda haka ya koma tuƙi da kansa a waje ta taga. In ya hango suruki, sai ya mayar da kan ciki, ya ci gaba da tuƙi da hadda.

Wata rana jami'in hanya ya tsayar da shi.

"Malam, doka ta sa wa duhun gilashi iyaka. Dole na waje ya ga na ciki."

"Yallaɓai, ai ga kaina a waje."

"Sauran jikin fa?"

"Shi ma nawa ne, wallahi."

Jami'i ya ce, "In na sake ganin motar nan a haka, kama ta zan yi. Sai fa in kana da takardar likita cewa idonka ba ya jure haske."

Mutumin ya nufi asibiti, ya ƙudura cewa ba zai fito ba takarda ba. Likita ya nuna masa allon haruffa, ya ce ya karanta layin sama.

"A kunna wuta tukuna, likita."

Rana kuwa tana tsaka. Likita ya ɗaga yatsu, ya tambaye shi ko nawa ne. Mutumin ya juya wajen fankar tsaye da ke kusurwa, ya rusuna mata.

"Likita, ka rame ƙwarai. Kuma sai girgiza kai kake yi. Abin ya yi tsanani ne?"

Likita bai ƙara tambaya ba. Ya rubuta takarda ya sa hatimi. Mutumin ya duba bai gane komai ba, domin irin rubutun nan ne da ko nawa ya fi shi kyau. Wajen fita ya yi karo da ƙofa da gangan, ya ba ta haƙuri, don dai magana ta ƙara ƙarfi.

Kashegari da kansa ya nemi jami'in, ya miƙa masa takarda yana murmushi. Jami'i ya karanta, ya dubi mutumin, ya sake karantawa.

"Malam, an rubuta a nan cewa kai makaho ne."

"Kaɗan ne, yallaɓai. Na gilashi kawai."

"Babu kaɗan a nan. Makaho ba ya tuƙi. Kawo makulli, mota ta tafi ofis."

Jami'i ya shiga motar, ya rufe ƙofa, ya ɗaga taga. Can aka ji hon, aka ga abin goge gilashi yana kaiwa yana komowa. Sai muryarsa ta fito daga ciki.

"Malam, ina sitiyarin yake? Ni ba na ganin komai."

Mutumin ya ƙwanƙwasa taga cikin ladabi, ya miƙa hannu.

"To yallaɓai, ba ni makullina. Makaho ba ya tuƙi."