Ranar da Na Rasu a Bayan Coci

Tun da ɗana Bitrus ya fara tuƙin mota a hanyar Kaciya, hankalina bai sake kwanciya ba. Waya na yin ƙara, sai in ɗauka labarin hatsari ne. Ƙanwar mijina, wadda nas ce a Kafanchan, ta koya mini dabara: in kwanta, in rufe ido, in riƙa jan numfashi a hankali. Ba a daɗe ba na ɗauki kaina gwana, wadda za ta iya yi a ko'ina.

Ranar zumuntar mata, ana tsakiyar waƙa tunanin Bitrus ya taso mini. Na sulale bayan coci, na miƙe a kan benci, na ɗora hannuwa a ƙirji. Komai na tafiya daidai, sai na ji ihun Mama Ngozi mai sayar da atamfa: "Yesu! Maman Bitrus ya tafi!"

Kafin in buɗe baki, bokitin ruwa ya sauka a kaina. Matar fasto ta riƙe ƙafata tana tsawata wa mutuwa.

Ina jiƙe sharkaf na gaya musu abin da ke damuna. Ashe da yawansu haka suke fama. Tun daga ranar suke leƙo ni a gida, kuma ina gode musu ƙwarai.

Sai dai har yau, in na rufe ido wajen addu'a, Mama Ngozi kan zungure ni ta ce, "Marigayiya, kina nan?"