Albasar da Na Toshe a Duro

Ko tsufa ya fara cin ƙwaƙwalwata, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe duro a Bahindi. Mutane da yawa sun ba da labarin nan a bayan idona, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa, don haka gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Ina aiki a wata cibiyar binciken noma da ke da ƙaramin ofishi a Bagudo. Kada ku ɗauka ni masanin noma ne. Ni ne mai kula da kwamfuta: in firinta ta ƙi aiki a kira ni, in intanet ta ɗauke a harare ni. Sanin da na yi wa albasa bai wuce ta cikin miya da ta kan tsire ba.

Wata shekara aka tura mu mutum biyu Birnin Kebbi, horon kwana biyar kan ƙirƙire-ƙirƙire. Ni da Malama Hadiza ta sashen adana amfanin gona, mace mai sanyin hali wadda ba a cika jin muryarta a taro ba. Kafin mu tashi, daraktanmu Dakta Bawa ya kira mu ofis ya ce za a buɗe sabon sashe na ƙirƙira, kuma a cikinmu duk wanda ya zo da dabarar da ta fi amfanar manoma, shi zai shugabance shi. Shekara tara ina zaro takardar da ta maƙale a firinta. Ba sai na faɗa muku yadda na ƙwallafa rai a kan kujerar nan ba (a mota ma na fara gwada sa hannu irin na manya a bayan ambulan).

Mai koyar da mu wata Hajiya ce 'yar gajeruwa mai kaifin baki, ta cika bango da ƙananan takardu masu launi. Ni kuwa na zama zakaran aji, kowace tambaya hannuna na sama. Abu biyu na riƙe gam. Na farko, aron dabara: ka ɗauko abin da ke aiki a wani wuri ka gwada shi a wani. Na biyu, ka tambayi mutanen da za su yi amfani da abin. Akwai na uku, wanda aka koyar ranar Alhamis bayan azahar, wai ka gwada kaɗan a ɓoye kafin ka tara jama'a. Wannan daga baya na ji labarinsa, domin a lokacin tuwon shinkafa da sanyin iyakwandishan sun haɗa kai sun yi gaba da ni.

Kowa a yankinmu ya san kukan masu albasa. Lokacin cire ta, ga ta nan tuli, manyan motoci na ta jigilarta zuwa bakin iyakar Benin a wulaƙance. Wanda ya ce zai ajiye har ta yi daraja kuma, kafin damina ta yi nisa wata ta ruɓe, wata ta yi tsiro. Da muka dawo, ina wucewa ta sito na ofis sai na ga wake a cikin duro an toshe shi ruf. Na tambayi mai sito, ya ce in iska ba ta shiga, ƙwari mutuwa suke yi, wake ya shekara lafiya lau. Nan take dabara ta faɗo mini. Wake abinci, albasa abinci, to me ya raba su? Na yi mamakin yadda duk daktocin cibiyar nan suka kasa hango abin da mai gyaran firinta ya hango.

Ofishin Malama Hadiza na jikin nawa. Tambaya ɗaya da na yi mata da ta fisshe ni. Amma ina, abokiyar takara ce, sai na kwanta a kan dabarata kamar kaza a kan ƙwai.

Darasi na biyu dai ban tsallake shi ba. Na ɗauki motar ofis da kwamfuta na nufi Bahindi, na sa aka tara mini manoma bayan la'asar a ƙofar gidan Baba Manu, dattijon da masu noman albasa ke jin maganarsa. Na yi kusan awa ina bayani, har da zane. Da na gama na ce, "To jama'a, kun ga dabarar ta yi?"

Baba Manu ya gyara zama. "Malam, cikin duro kac ce? A ruhe ta ruf?"

"Ruf, Baba. Ko iska ba za ta sami hanya ba."

Ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya dubi ƙasa. Can Baba ya ce, "To, madalla. Ku ad da ilimi. Allah shi ba da sa'a." Sauran suka amsa da amin. Har ya sa aka fito mini da buhu biyu na albasarsa, zaɓaɓɓiya, manya-manya masu jan ɓawo. A daren nan ban yi wata-wata ba, na rubuta a rahoto cewa manoma sun karɓi dabarar hannu bibbiyu.

Na sayo shuɗin duro na roba, na cika shi da albasa, na danne murfi na ɗaure ƙarfensa, na ƙara naɗe bakin da salatif don kada a yi gardama. Na ajiye shi a bayan zauren Baba Manu, a rana, a tsakiyar bazara. A mako na biyar na leƙa, na tarar duron ya kumbura, murfin ya yi tozo. Na shafa shi na ce a raina albasa ce ta sami kwanciyar hankali take ƙiba. Na kuma lura Baba ya daina shimfiɗa tabarmarsa a wannan gefen, amma ban tambaye shi dalili ba.

Mako na bakwai aka sa ranar baje koli a Bahindi. An kafa rumfa, an jera kujeru. Dakta Bawa ya zo cikin farar babbar riga ta shadda, tana ƙyalli. An gayyato Hajiya mai horarwa don ta yi alƙalanci. Manoma sun zo daga Kurgu da Matsinkai, har da wasu fatake biyu daga tsallaken iyaka da suka ji wai an gano hanyar ajiye albasa shekara guda (ni na baza wannan labarin, ba zan ɗora wa kowa ba).

Malama Hadiza ta fara. Ita rudu ta taɓa, wato rumfar kara da ciyawa da manoma suka saba ajiye albasa a ciki tun kaka da kakanni. Ta ƙara wa ƙafafunsa tsawo, ta bar rata a tsakiya don iska ta ratsa, shi ke nan. Ta yi bayaninta a taƙaice ta zauna. Wallahi tausayinta na ji. Na ce a raina, baiwar Allah, an ce ki ƙirƙiro, kin zo kina yi wa tsohuwar riga faci.

Sai aka kira ni. Na miƙe cikin sabon kaftani, na karɓi lasifika na ce, "Jama'a, daga yau an daina asarar albasa a ƙasar Bagudo." Aka gungaro duro tsakiyar fili. Na ga manoma suna janye tabarmi a hankali, suna komawa gefen da iska ke tasowa. Na ɗauka girmamawa ce, suna ba ni fili. Na juya na ce, "Ranka ya daɗe, a matso kusa, ido ya shaida." Dakta Bawa ya taso ya sunkuya a bakin duron yana murmushi, mai hoto ya gyara tsayuwa. Na yanke salatif, na bugi ƙarfen murfin.

Ƙarar farko da aka ji, wasu sun ɗauka taya ce ta fashe. Murfi ya yi sama ya faɗa kan rumfa. Wani baƙin ruwa mai kumfa ya yi tsiri, rabinsa a ƙirjin darakta, rabinsa a fuskata. Sannan wari ya biyo baya. Ban san yadda zan kwatanta muku shi ba, sai dai in ce akuyar da ke ɗaure a gindin darbejiya ta tsinke igiya ta gudu. Hajiya ta toshe hanci da gyale. Ɗaya daga cikin fataken nan ya faɗi wata magana da Dandanci, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma ban nemi tafinta ba.

Ni kuma ina tsaye da lasifika a hannu, ruwa na ɗiga daga gemuna, sai na ji bakina ya ce, "Kamar yadda kuke gani..." Daga nan magana ta ƙare.

Dakta Bawa ya dubi rigarsa, ya dube ni. "Malam, wannan shi ne sakamakon?"

"Ranka ya daɗe, sakamakon farko ne."

Ai kuwa dariyar da manoma suka yi ta riƙewa tun mako bakwai sai ta ɓalle gaba ɗaya. Har da masu riƙe ciki, har da masu share hawaye da bakin rawani. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ban tsaya sallama da kowa ba.

Da aka lafa, Hajiya ta matsa wurin Baba Manu, hancinta a toshe. "Baba, dama kun san haka za ta faru?"

"Hajiya, wa ab bai san ba? Albasa rai gare ta, iska taka sha. Wake ɗai aka toshewa, don shi busasshe na."

"To me ya hana ku gaya masa?"

"Baƙo ya taho da mota da na'ura, ya tara mu gaban jama'a ya ce ga abin da za a yi. In tashi in ce mai bai iya ba? Ba mu yin hakanan. Da ni ɗai yat taras bisa tabarma yat tambaye ni, da na hwaɗa mai tun ranar. Ita wagga ɗiya mai rudu da taz zo, zamnawa tay yi tana tambaya. Shi ko bayani yaz zo yi muna."

Wannan maganar ta fi warin yi mini ciwo. Dattijon nan ya san inda albasarsa za ta ƙare, amma ya zaɓo mafi kyau ya ba ni don kada ya kunyata ni a gaban mutane. Bayan kwana biyu na koma ni kaɗai na ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce komai ya wuce, ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake shanya albasa da ganyenta kafin a ajiye.

Kujera dai Malama Hadiza aka ba, kuma ta cancanta, ɗan hakin da na raina shi ya tsone mini ido. Ranar da abin ya faru direba ya ƙi yarda in shiga gaba, a bayan a-kori-kura na dawo Bagudo, ni da durona. A ofis aka raɗa mini suna Injiniya Duro, har masinja da shi yake kirana.

Na ɗauka magana ta mutu a nan. Bayan shekara biyu aka sake tura ni wani horon a wani gari mai nisa, da wani malami daban, ba wanda ya san ni a ɗakin. Rana ta biyu malamin ya ce zai ba mu misalin yadda ba a yin ƙirƙira. Ya fara: "Akwai wani jami'i a wata cibiya da ya toshe albasa a duro..." Ashe Hajiya ta sa labarin a cikin darasi, yana ta yawo gari-gari. Ɗaki ya kaure da dariya. Mutumin da ke kusa da ni ya taɓo ni yana haki ya ce, "Kai, wane irin sakarai ne wannan? Ashe akwai irinsu a aikin bincike?"

Na gyara hula na ce, "Akwai kuwa. Allah dai ya shirya."

Aka raba mu rukuni-rukuni, aka ce kowane ya lissafo kurakuran mutumin. Wasu suka kawo uku, wasu huɗu. Rukuninmu ya kawo tara, har da cewa ya ajiye duron a rana, abin da malamin ma bai ambata ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, kai kam kamar a gabanka aka yi." Aka tafa mini, na karɓi kyautar biro da littafin rubutu.

Abin da na koya shi ne, a aikin bincike ba a rasa abin zama, wanda bai zama shugaban sashe ba yana iya zama misali. Amma in da zaɓi, ku yi tambaya tun da wuri. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, kunyar zama misali kuwa har yanzu ana buga ta a takarda ana raba wa mutane.