Fiffiken Bandar da Albasar Hajiya Sharifa

"Lafiya lau, maigida. Amma wannan sammako naka ba na Allah da Annabi ba ne. An kore ka daga aiki?"

Hajiya Sharifa ce ke amsa gaisuwar jikanta Bandar a gidanta da ke unguwar Nuzla. Shekara biyu ke nan yana wasan teku, wanda ake tsayawa kan allo a riƙe fiffiken iska a hannu, wani fiffiken a ƙarƙashin ruwa ya ɗaga mutum sama. Ranar Asabar yana da gasa a bakin tekun Abhur, mai shagon kayan wasan kuma ya yarda ya karɓi tsohon fiffiken ruwansa ya musanya masa da sabo.

"Ya sitti, kakata ta kaina, ajiyata na zo ɗauka. Baƙin abin nan da na jingine bayan ƙofa."

"Katakon yanka? Bari in kwashe albasata."

Bandar ya dafe kai. "Innalillahi! Albasa? Karbon ne fa, mai tsadar gaske!"

"Ko gawayi ne. Wata uku ina yanka nama a kansa, bai taɓa gunaguni ba. Ya fi ka amfani."

"Dubi sawun wuƙa! Kin yi masa tsagar Gobirawa!"

"Gata na yi masa, yanzu ya san asalinsa. To me za a ba ka?"

"Ƙarami, siriri, mai gudu. Da doguwar sandar da ke haɗa shi da allo, don igiyar ruwa ta daina dukan allon."

Ta saki wuƙar. "Ka ba da babba ka karɓo ƙarami? A ba da rago a karɓo zakara? Jama'a, wawa na aura!"

"Tsohuwa, rashin sani ya fi dare duhu. Babban na ɗan koyo ne. Yalla, sa tabarau ki ga mijinki."

Ya kunna bidiyon wasansa a waya, ya miƙa mata. Ta ƙura ido, sai ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Allon ba ya taɓa ruwa! Wa ke riƙe da kai?"

"Fiffiken da kika yi wa miya."

"Kuma gudun nan bai ishe ka ba?" Muryarta ta sauka. "Tekun nan muka ƙetaro daga Sawakin ina goye. Ƙanen babana bai iso gaɓa ba."

Bandar ya tsuguna gabanta. "Na sani, ya sitti. Ina sa rigar ceto da hular kwano, ga jirgi yana bin mu."

Ta share ido da bakin mayafi. "Hular kwano a kan da ba komai ciki. Asarar hula."

"Gado na yi."

"Ɗan nema! Miƙo min abayata. Shekara talatin ina sayar da yadi a kasuwar Bab Makka, ba mai shagon da zai ce min a'a saboda ɗan ƙarzane. In ya ƙi, ga warwarona."

"Wallahi ba zan taɓa warwaronki ba."

"Wa ya ce kai zan ba? Kuma Asabar ka tanadar min kujera bakin ruwa. In ka zo na biyu, daga nan sai gaban alƙali, a raba auren."

Bandar ya fashe da dariya, ya sumbaci goshinta. "Halas, na sallama. Amma ki wanke hannu, kada mai shago ya ji warin albasa ya gane mai laifin."