Ƙofar Hagu ta Sabon Kan Motata

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Kurfi ba, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ina da wata tsohuwar a-kori-kura a Dutsin-Ma. Inji lafiya lau, amma kanta ya ruɓe. In ana ruwa, fasinjan gaba sai ya lulluɓa da buhu. Sai na sami kan wata da ta yi hatsari. Wanda ya sayar mini ya ce, "Direbanta ya rasu, mutumin wajen Kurfi ne. Ka sake fenti, ka kuma kama bakinka."

Mu takwas muka ɗaga tsohon kan da igiya a reshen tsamiya, muka ɗora wannan, muka ɗaure. Fenti kam na sake. Baki kuwa (ni da ake kira Rediyo a tasha), ina!

Aibinsa ɗaya: ƙofar hagu ba ta buɗuwa ta ciki. Na kwance ta, na sa mai, na zage ta, duk a banza. Kullum sai na zagayo na buɗe wa fasinja.

Ranar nan wani dattijo ya roƙi gidan gaba, na ba shi. Muna kama hanya na ga yana shafa gefen kujera, na ɗauka sha'awa ce. Sai baki ya ɓalle.

"Baba, kan nan da kake gani na wani sakarai ne. Yaran yanzu ba su iya komai ba sai gudu. Ya je ya halaka, ni na tsinci dami a kala."

Har da dariya na yi, Allah ya yafe mini. Shi dai yana jan carbi.

Da muka isa Kurfi na ce, "Dakata, Baba, ba ta buɗuwa ta ciki." Kafin in rufe baki ya dafa ƙofar da gwiwa, ya ɗaga hannunta sama. Ta buɗe salin-alin.

"Ɗaga ta ake yi," in ji shi. "Ɗana Isiyaku ya koya mini. Kuma ba gudu yake ba. Wata mai tallan nono ya kauce wa."

Na sauko daga motar. Na zagayo na durƙusa gaban jama'a, na ce, "Baba, don Allah ka yafe mini."

"Tashi, yaro, Allah ya yafe mana duka. Tun a tasha na gane kan motarsa ne. So na yi in ƙara zama a ciki sau ɗaya."

Shekara bakwai na ƙara tuƙa motar, ban sake yunƙurin gyara ƙofar ba. Duk fasinjan da ya kasa buɗewa, sai in ce, "Ɗaga ta ake yi." Iyakar labarin kan nan da ya sake fita daga bakin Rediyo ke nan.