Makin Farfesa Sikeli

Duk mai cewa babu adalci a jami'a bai taɓa ganin Farfesa Sikeli yana duba takardun jarrabawa ba. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, don a ganinsa yabo ne. Shekara ashirin da shida yana ba da maki bai taɓa kuskure ba. Daga bakinsa muka ji, kuma wa ya fi shi sani?

Aikinsa akwai tsafta. Ba ya ɓata cikin takarda da jan biro irin na ƙananan malamai. Yakan ɗaga ta, ya karanta layin farko, ya leƙa na ƙarshe, ya lumshe ido. Sai makin ya sauko masa, ya rubuta a bango. Takarda ɗari biyu yake gamawa kafin abincin rana, har ya sami lokacin tausaya wa masu kwashe mako guda.

"Ni ba karanta ɗalibi nake yi ba," yakan ce a ɗakin malamai. "Auna shi nake yi."

A bana ya auna wata malamar firamare mai 'ya'ya uku, wadda hutun ƙaro iliminta zai ƙare ƙarshen shekara. Ta fito talatin da takwas. Arba'in ake nema. Idan ta maimaita, sai dai ta zaɓa: ko digiri ko aiki. Ta je ofishinsa ta tsaya a tsaye, don kujerar baƙi lambobin yabonsa ne a kai.

"Ranka ya daɗe, ko za a sake dubawa?"

"Baiwar Allah, maki biyun nan ba ni na hana ki ba, ilimi ne ya hana ki. Ni alƙalami kawai na riƙe."

Ta yi godiya, ta fita, ta rubuta takardar koke.

Koken ya faɗa hannun jami'ar jarrabawa, mace marar yawan magana. Wata biyu ana jiran zaman kwamiti, takardar malamar na kulle a kabad. Ranar zaman, jami'ar ta kawo kwafin amsoshin ɗalibai shida, duk an cire bangonsu. Shugaban sashe ya roƙi Farfesa ya ba su maki, wai don matasan malamai su ga yadda manya ke yi. Ba a roƙe shi sau biyu ba.

Kan ta huɗu ya tsaya. Ya karanta har shafi biyu, abin da ba a saba gani ba. Ya rubuta saba'in da ɗaya, ya miƙe tsaye.

"Jama'a, ga amsa! Ku dubi yadda hujja ke bin hujja. Wannan da gani ya zauna a gabana ya saurara. Irin wannan ya kamata a nuna wa matar can mai koke, ta san bambancin rubutu da shirme."

Jami'ar jarrabawa ta miƙe. Ta zaro ainihin takardar daga jaka, ta ajiye kusa da kwafin. Rubutu ɗaya, har da inda biro ya yi dabbare a shafi na uku. A bangon ga talatin da takwas, ga sa hannun Farfesa.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Babu saɓani a nan," in ji shi. "Duk makin biyu daidai ne. Injin kwafin ne ya fito da hujjojinta sosai."

Sakatare ya rubuta haka a rahoton zama. Kwamiti kuma, don kada a ɓata wa kowa rai, ya haɗa makin biyu ya raba, aka ba ta hamsin da biyar. Ta tsira da digirinta da aikinta.

Ranar da aka liƙa sakamako malamar da Farfesa suka yi kiciɓis a baranda, ɗalibai cike da wurin. Farfesa ya ɗaga murya yadda kowa zai amfana.

"Kin ga amfanin dagewa ko? Daga talatin da takwas zuwa hamsin da biyar, a wata biyu kacal!"

Ta ɗan rusuna.

"Na gode, ranka ya daɗe. Amma takardar ce ta dage a cikin kabad. Ni ina gida ina wanki."